Farin Kifi a Randar Gwaggo

Akwai abin da mutum yake roƙon Allah Ya mantar da shi, akwai kuma wanda ko an ce ga hanyar mantawa bai kamata ya bi ta ba. Nawa irin na biyun ne. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da na tsayar da matar da ta raine ni a tsakar gidana ba, kanta ba ɗankwali, a gaban mutanen unguwa, don kawai wani ɗan kifi da bai kai tsawon tafin hannuna ba ya canza launi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Wanda ya san ni zai gane, wanda bai san ni ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Rake nake nomawa, idan ya nuna mu sare mu kai inji a matse, mu dafa mazarƙwaila. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, ƙanwar mahaifina ce ta ɗauke ni ta goya, ita ce Gwaggo. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini har na yi gemu. Bayan mijinta ya rasu ta tafi Kaduna aikatau, ta yi shekaru tana girki da raino a gidan wani ma'aikaci. Da aka canza wa mutanen wurin aiki zuwa nesa, ita kuma gwiwoyinta suka fara gajiya, sai ta tattaro ta dawo gidana.

Ranar da ta sauka, ba akwatinta ta fara miƙo mini daga mota ba, wata jarka ce da aka yanke wa baki, ta rungume ta a cinya tun daga Kaduna. Na leƙa na ga kifaye biyu. Ɗaya ja ne, irin jan ruwan goro, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ga jela mai faɗi tana lilo. Ɗayan ƙarami ne, baƙi, da ido a waje.

Na ce, "Gwaggo, wannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba."

Ta ce, "Kul, Babana! Ba na ci ba ne, na kallo ne. Uwar ɗakina ta bar mini su."

Ta fito da wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki da ta naɗe a cikin zannuwa, ta wanke, ta juye su a ciki, ta ɗora a kan wani kututture a ƙofar ɗakinta inda hantsi yake sauka. A ranar ta raɗa musu suna. Jan ta ce shi ne Amarya, don haka take kiran matata duk da mun riga mun haifi biyu. Baƙin kuma ta ce Maigida.

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Gwaggo, wallahi kin iya zaɓe. Ga baƙin, ga zare idon."

Na ce, "To kyakkyawa, Allah Ya bar miki kyanki."

Da farko abin farin ciki ne a gidan. Gwaggo tana barbaɗa musu dusa da ɓarɓashin burodi, wani lokaci ta murje musu dafaffen ganyen zogale ko ta sa a tono musu gara. Tana canza musu ruwa, tana yi musu magana kamar yadda mace take yi wa kajinta. Matan unguwa suna shigowa kallo. Matata kanta idan ta gama aiki a nan take jan kujera ta zauna, su yi ta hira da Gwaggo suna kallon kwalba.

Daga wurin injin rake matsalar ta fara, kuma da wasa ta fara. Muna tura busasshen ɓawon rake a ƙarƙashin tukwane, wani ya ce, "Kai, an ce Gwaggonka ta zo da kifin da ba a ci. To me ake yi da shi? Aurar da shi za a yi?" Wani ya karɓe, "Ko dai 'yan ruwa ta kwaso mana daga kogin Kaduna?" Aka kwashe da dariya. Sai wani dattijo da ke kwashe kumfa a kan tukunya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ku bar dariya. Mace ba ɗa ba jika, ta zauna tana hira da abin cikin ruwa, har da sa masa sunan mutane. Ni dai tun da nake ban taɓa gani ba."

A nan zan faɗi babban aibina, don daga shi komai ya tsiro. Ni mutum ne mai tsoron bakin mutane fiye da yadda nake tsoron zalunci. Idan aka yi mini dariya a waje, sai na zo gida na huce a kan wanda ba zai iya rama mini ba. Ranar da yamma na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce abin nan nata ya fara jawo mini magana, ko ta zubar da su ko ta ɓoye su inda ido ba zai gani ba.

Ta ce, "Babana, wa suka yi wa laifi?"

Na ce, "Ni dai na faɗa miki."

Ta ce, "Ba sa son duhu fa. A gidan da na yi aiki kullum kusa da taga suke. In suka daɗe ba su ga haske ba jikinsu koɗewa yake yi."

Na ce, "Su koɗe mana. Gasar kyau za su je?"

Da hannuna na ɗauko wata tsohuwar randa, na kai ta ƙuryar ɗakinta bayan gado, na juye kifayen a ciki, na rufe da faifai. Kwalbar kuma na ɗauke na kai zaure, na zuba kusoshi da ƙarafunan inji a ciki. Ɗakin nan nata ko da rana sai an kunna fitila, taga ɗaya ce gare shi, ita ma an toshe ta da tsumma saboda sauro. A nan kifayen suka ƙare ranin, suka yi damina gaba ɗaya. Tana ba su abinci, tana canza ruwan a ɓoye kamar mai aikin assha. Ni kuwa na manta da su sarai.

Tun a ranin nan matata ta samu ciki na uku. Ta haihu daidai lokacin da aka fara saran rake, a gida, kuma ungozoma ta ce ta zubar da jini da yawa. Aka yi suna lafiya. Mahaifiyarta ta zo daga wajen Gubuchi don ta tsaya mata a kan wankan jego. Amma maimakon mai jego ta murmure, sai ta riƙa yin baya. In ta tashi jiri ya ɗebe ta. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya tana haki. Ƙafafunta suka kumbura. Tafin hannunta, wanda da in ka matsa za ka ga jini ya taru, ya koma fari kamar an jiƙa shi a ruwan toka.

Gwaggo ce ta fara magana. Ta tare ni a zaure da sassafe zan fita, ta ce, "Babana, yarinyar nan ba ta da jini. Na buɗe idonta na gani, fari ne fat. Ka kai ta asibitin Makarfi."

Na ce, "Jego ne, Gwaggo. Wace mace ce take haihuwa ba ta yi laushi ba?"

Ta ce, "Wannan ya wuce laushi."

Na ce rake yana kwance a gona an sare, in ba a matse shi ba zai yi tsami, ta bari mu gama wannan zubin. Da muka gama wannan zubin sai ga wani. Ta sake yi mini magana, ta kuma sakewa, har na fara bi ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Ina sayo maganin ƙarin jini na kwalba a kemis in miƙa, in ce na sauke nauyi.

Wata safiya surukata tana haɗa ruwan wanka ruwa ya yanke mata, ta shiga ɗakin Gwaggo neman ƙari, Gwaggo kuwa ta fita bayan gida. Ta ga randa a bayan gado, ta ɗaga faifai ta zura moɗa. Sai ta ji abu ya motsa. Ta haska da fitilar waya. Ihun da ta yi har maƙwabta sai da suka ji.

Ina ƙofar gida ina ɗaura kaya a babur, na shigo da gudu. Ni da surukata akwai kunya sosai a tsakaninmu, ba ta taɓa kallon idona ba, in za ta yi mini magana ma ta bayan labule take yi. Ranar ta tsaya a gabana, mayafi a kafaɗa, moɗa a hannu, kifin yana juyi a ciki.

Ta ce, "Malam, dubi nan. Wannan ba shi ne jan kifin da na gani a kwalba zuwana na bara ba? Ba shi take kira da sunan 'yata ba?"

Na leƙa. Shi ne, ga jelar nan mai faɗi. Amma jan nan babu shi. Ya koma fari, fari mara kyau, irin na naman da aka daɗe da jiƙawa, sai wani ɗan ɗigon ruwan goro da ya rage a bayan kansa. Surukata ta ja ni har bakin gadon matata, ta buɗe tafin hannunta ta kara kusa da moɗar. Wallahi launi ɗaya ne.

Ga wanda bai tashi a irin ƙauyukanmu ba, bari in yi bayani. Mun tashi muna ji ana cewa maye yana kama kurwar mutum ya ajiye ta a jikin wani abu mai rai, ƙadangare ko ɗan tsako, ya ɓoye a tukunya ko rami. Yadda abin nan yake ramewa, haka mai kurwar zai yi ta ramewa har ya mutu. Maganin da aka sani ɗaya ne, a kama mayen a tilasta masa ya tsallaka mara lafiyar, wai a nan ne yake sakin kurwar. Kuma duk wanda ya tsallaka, to ya amsa laifinsa ke nan a gaban duniya, ba shi da sauran bakin musu har ya mutu.

Gwaggo ta dawo ta tarar da mu. Ta dubi moɗar, ta dube ni, ta ce, "Babana, ai na faɗa maka. Duhu ne. Ranar da ka zuba su a randa ban ce maka za su koɗe ba?"

Na tuna ta faɗa. Da ina da hankali, da a nan maganar ta ƙare. Amma tsoro ya riga ya juya mini tunani, sai zuciyata ta ce, ka gani, tun a lokacin ta shirya hujjarta. Akwai kuma wani abu da sai daga baya na yarda da shi tsakanina da Allah. Idan Gwaggo ce ta kama matata, to ba ni ne na bar ta tana ƙarewa a kan gado saboda rake ba. Laifin ya samu wani kan da zai sauka, kuma na ji daɗin hakan.

Na ce, "In duhu ne, me ya sa baƙin bai koɗe ba?"

Ta ce, "Shi ma ya dushe, ba ka duba ba ne. Kowanne da irin jikinsa."

Surukata ta ce, "Ba ta zo kansa ba ne tukuna."

Kafin hantsi ya ɗaga, tsakar gidana ta cika. Mata ta kan katanga, maza a zaure har suna turereniya. Moɗar tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa ya yi salati. Wani ya ce ai danginmu ba su da maita, a ina ta samo? Wata ta ce a birni ake sayenta, can ta haɗiyo. Na ji sanyi a raina da wannan maganar, don ta wanke ni da 'ya'yana ta bar Gwaggo ita kaɗai. Liman ya aiko a ce mini in ji tsoron Allah, wannan ba addini ba ne. Na ce a gaya masa na ji, in an gama zan zo.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da matata. Da ƙyar take buɗe ido. Na ji tana cewa, "Ku bar Gwaggo, ku bar ta," amma muryarta ba ta wuce kunnen na kusa ba, aka ce ai ba ita ke magana ba. Aka ce sai an cire wa mai tsallaken mayafi da ɗankwali, kada ta ɓoye wani abu a ciki. Ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Ni na cire. Ban taɓa ganin kanta a buɗe ba sai ranar. Furfura ce tas, kitson ya tsufa, tsakiyar kan ya fara sanƙo.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi matata a kwance, ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Babana, idan na tsallaka, za ka ɗauke ta yanzu-yanzu zuwa asibiti?"

Na ce, "Ki tsallaka tukuna."

Ta ce, "A'a. Ka faɗa a gaban mutanen nan. Ka rantse."

Na ce, "Wallahi zan kai ta."

Ta ce, "To a nemo mota tun yanzu ta tsaya a ƙofar gida. Sai na ji ƙararta zan ɗaga ƙafa."

Mutane suka ɗauki surutu. "Kun ji ko? Har ciniki take yi!" Wani ya ce a kawo bulala. Ita kuwa ta tsaya ƙyam a cikin rana, hannayenta a kan cikinta, har aka je bakin titi aka zo da wata motar ɗaukar rake. Da ta ji an taka burki a waje, sai ta matso. Ta ɗaga ƙafa, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa ta yi tangaɗi, saura kaɗan ta faɗa kan mara lafiyar. Sai ta miƙo mini hannu ta ce, "Riƙe ni." Na riƙe ta. Da ƙarfina ta tsallaka matata, ta juyo ta sake tsallakawa, mutane suna kabbara. Da ta gama ta saki hannuna ta ce, "To ɗauke ta. Kada ka tsaya ko takalmi."

A asibiti wata nas ta ja fatar idon matata ƙasa, ta dube ni ta ce, "Malam, a ina ka ajiye baiwar Allah nan har jininta ya ƙare haka? Da kun ƙara jinkiri gawa za ka kawo mana." Aka gwada jinina ya dace, aka ɗiba, aka nemo ƙari a wurin 'yan'uwanta. Muka yi kwanaki a can. A hankali leɓenta ya fara yin ja, ta fara cin abinci, ta karɓi jaririnta.

Samun sauƙin nan nata shi ya ƙarasa Gwaggo. Ba wanda ya ce jinin da aka ƙara mata ne. Kowa cewa yake, "Kun gani? Tana tsallakawa ta tashi." Muka dawo gida na tarar an daina gaishe ta. In ta je rijiya mata su ɗauke gugansu su watse. In ta yi tuwo ta aika wa maƙwabta kamar yadda ta saba, a zuba wa kaji, daga baya ma aka ce kada a ba kajin. Surukata ta hana 'ya'yana zuwa ƙofar ɗakinta. Matata kaɗai take leƙa ta a sace, ita ma in na gani sai in yi mata faɗa.

Kifayen kuwa na rasa yadda zan yi da su. Tsoron kashe su nake yi, kada in kashe farin in kashe matata. Sai na juye su a wani babban baho na ajiye a tsakar gida inda idona zai riƙa ganinsu, ina ba su abinci da kaina. Rana tana dukan bahon, gansakuka ta fito a gefensa suna tsattsaga. Ba a jima ba sai ga jan yana dawowa jikin farin kifin, ya fara daga baya ya gangaro ciki. Mata suka riƙa shigowa suna duba kifi suna duba fuskar matata, suna cewa, "Ikon Allah, tare suke warkewa." Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ji. Sau ɗaya ta ce, "Ai rana ce ya samu." Suka ci gaba da leƙen bahonsu.

Kafin damina ta sake faɗuwa ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma wurin dangin mahaifiyarta a wani ƙauye ta wajen Kudan. Ban ce ta zauna ba. Ni na ɗauki akwatin zuwa bakin titi, ina tafe ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Abin da ya buɗe mini ido ba wa'azi ba ne, tsoron kaina ne. Bayan tafiyarta da watanni, sai na ga baƙin kifin, wanda ta kira Maigida, ya fara canzawa. Ƙasan cikinsa ya yi ruwan goro, baƙin yana janyewa sama kamar ana goge shi. Na ce shi ke nan, an zo kaina. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na daina cin abinci sosai, ina tashi kullum in duba tafin hannuna. Kifi ya yi ta ja har baƙin ya ƙare ƙaf, ni kuwa ko ciwon kai ban yi ba. Da na gaji da jiran ciwon da bai zo ba, sai maganarta ta duhu ta dawo mini. Na ce bari in gwada a kan nawa, in mutuwa ce ni zan mutu. Na cire shi na kai randar nan ta bayan gadonta, na rufe da faifai, ina ba shi abinci ina canza ruwa kamar yadda take yi. Ban gaya wa kowa ba. Watanni suka wuce, kifi ya dushe, ya koɗe, ya zama kamar wancan na cikin moɗa. Ni kuma a lokacin ne na fi kowace shekara ƙarfi, ina ɗaukar damin rake ni kaɗai. Na mayar da shi rana, launin ya fara dawowa. Ranar da na tabbatar, a ɗakin nata na zauna a ƙasa, na kasa fitowa har aka kira azahar.

Daga baya na haɗu da wani mai sayar da irin kifin a Zariya na tambaye shi. Ya ce ai haka halittarsu take. Ana ƙyanƙyasar su da launin toka, suna girma su yi ja. Baƙaƙen cikinsu da yawa baƙin yana zubewa in sun manyanta. Rashin haske yana koɗar da su, rashin abinci mai kyau da gurɓataccen ruwa ma haka, wasu kuma tsufa ne kawai yake mayar da su fari. Yana faɗa yana dariya, kamar abin da kowane yaro ya sani.

Na hau babur na tafi Kudan. Sunan da na sa mata ya riga ta isa can, 'yan kasuwa sun kai shi. Na same ta a wani ɗan ɗaki a ƙarshen gida kusa da turken awaki, da murhunta daban, da randarta daban. Ta rame ƙwarai. Ta kare ido da hannu ta ce, "Babana, kai ne? Ya Amarya? Yaron ya fara tafiya?"

Na durƙusa na gaya mata abin da na gwada da abin da na gani. Na ce na zo in tafi da ita gida.

Ta ce, "In koma in yi me? Duk yaron da ya yi zazzaɓi a unguwar ni ce. Nan ma ni ce, amma nan ba 'ya'yanka ake janyewa daga gabana ina kallo ba."

Na ce zan tsaya a masallaci in faɗa wa kowa gaskiya.

Ta ce, "Za su ce kai ma na kama ka."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin motar raken nan ta bar ƙofar gida, amma yafiyarta ba za ta sa kowa ya amsa sallamarta ba. Akwai tukunya a kan murhu, na ga tana kallonta tana kallona, ta buɗe baki ta rufe. Sai na gane so take ta ce in ci abinci, tana tsoron in ƙi. Na ce, "Gwaggo, yunwa nake ji." Ta zuba mini tuwon masara da miyar kuka. Ina ci tana zaune ta zuba mini ido. Can ta ce, "Gishiri ya ji? Na daɗe ban ji bakin kowa a kan girkina ba." Da hawaye na haɗiye sauran.

Na koma na tsaya a masallacin unguwarmu bayan sallar la'asar na faɗi komai, har randar na ce duk mai so ya zo ya gwada da idonsa. Liman ya gaskata ni, da wasu 'yan kaɗan. Sauran suka fita suna girgiza kai, na ji wani yana cewa, "Allah sarki, ya je ya ci tuwonta." Ba wanda ya zo ganin randar. Ni da matata muka riƙa zuwa Kudan muna kai mata abin da ya sawwaƙa, amma ba ta sake taka gidana ba. A daminar da ta biyo ta rasu. Matan gidan suka ƙi shiga ɗakin, matata da wata tsohuwa guda suka yi mata wanka. Mu da muka bi gawarta ko sahu ɗaya ba mu cika ba.

Abin da na koya, na koye shi a lokacin da ba zai amfani wadda na zalunta ba, shi ya sa nake rubuta shi ko zai amfani wani. Don abu biyu sun faru a lokaci guda, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba, kuma wanda ya fi saurin yarda da irin wannan haɗin shi ne mai laifin da yake neman inda zai ajiye. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya, kuma ka saurari amsar ko da daga bakin wanda ake zargi ta fito. In naka ba shi da lafiya, ka ajiye duk abin da ke hannunka ka kai shi inda za a duba shi. Mugun suna kuwa, mutum ɗaya ya isa ya liƙa wa bawan Allah shi kafin rana ta take, amma in ya dawo yana kuka yana cewa ƙarya ya yi, ba mai karɓa a hannunsa. Duk wanda ya karanta wannan, ba don ni ba, ya yi wa Gwaggo addu'a. Allah Ya sa inda ta je an amsa mata sallama.